Ƙa'idojin fim ɗin binciken kisa na zamanin da, da yadda za su zauna a Maradi

Tambaya: Ina harkar fim a nan Maradi. Na lura finafinan talabijin na binciken kisan kai da ake yi a kan zamanin da duk hanyarsu ɗaya: a tsinci gawa, a zargi mutanen gida, a ƙarshe mai bincike ya tara kowa a ɗaki ya nuna wanda ya yi. Mene ne ƙa'idojinsu, kuma za su yiwu a labarin da ya faru a Maradi kafin ƴancin kai?

Amsa: Ƙanena, abin da ka lura da shi gaskiya ne, kuma da gangan ake yin sa. Wannan nau'in fim wasa ne tsakanin marubuci da mai kallo. Marubuci ya yi alkawarin zai nuna duk abin da mai bincike ya gani, mai kallo kuma ya zauna yana ƙoƙarin riga shi gano mai laifi. Duk sauran al'adun da kake gani daga wannan alkawari suka fito. Tun a 1928 wani marubucin Amurka mai suna S. S. Van Dine ya jera dokoki 20 na irin wannan labari, a 1929 kuma Ronald Knox, wani limamin Kirista a Ingila, ya fitar da nasa guda 10. Waɗanda har yau ake riƙe da su kaɗan ne. Dole mai kisan ya kasance cikin mutanen da aka nuna tun farkon labari. Ba a warware asiri da aljanu ko mafarki. Ba a kawo gubar da ilimi bai san ta ba. Mai bincike ba ya gano gaskiya da sa'a kawai, kuma ba ya ɓoye wa mai kallo alamar da ya tsinta. Manyan marubuta sun sha karya wasu daga ciki, amma sai da suka ƙware a kansu tukuna.

Dalilin da ya sa ake son mayar da labarin zamanin da ya wuce sha'awar tsofaffin riguna da motoci. A yau wayar salula tana faɗin inda mutum yake, kyamarar kanti tana ɗaukar mai wucewa, gwajin DNA kuma, wanda aka fara amfani da shi a binciken kisa a Ingila a 1986, yana rufe magana cikin kwanaki. Idan ka koma 1955 duk wannan babu, sai ido da kunne da tunanin mai bincike, kuma su ne mai kallo ma yake da su. Sai dai ka san abin da ilimi ya riga ya kai a shekarar da ka zaɓa. Gwajin gano gubar arsenik a jikin mamaci yana nan tun 1836. Ƴan sandan Landan sun buɗe ofishin zanen yatsa a 1901, shekarar da aka gano rukunonin jini. A birnin Liyon na Faransa Edmond Locard ya kafa ɗakin gwajin ƴan sanda a 1910. To amma kasancewar abu a Liyon ba ya nufin yana hannun jandarma a Maradi. Abin da za a aika gwaji zai yi makonni kafin amsa ta dawo, kuma wannan jinkiri alheri ne gare ka, domin shi ke ba mai bincike lokacin yin aiki da ƙwaƙwalwarsa.

Aikin farko shi ne ka rubuta labarin daga ƙarshe. Kafin ka taɓa fitowa ta farko, ka san wa ya yi kisan, da me, a wane lokaci, don me, da kuma kuskuren da ya yi. Sannan ka zana jadawali: sunayen mutanen gidan a gefe, lokutan daren a sama, ka cike inda kowa yake daga la'asar zuwa asuba. Jadawali biyu za ka yi, na abin da ya faru da gaske da na abin da kowa zai faɗa wa mai bincike. Duk inda biyun suka saɓa, nan ne alamarka take. Marubutan da suke fara rubutu ba su yanke shawarar mai laifi ba sukan kai minti na saba'in su ga babu hujja, sai su sa wani ya zo da gudu ya ce ya ga komai. Mai kallo ba ya yafe wannan.

Yawan waɗanda ake zargi ya tsaya tsakanin biyar da bakwai a fim mai minti casa'in. Ƙasa da biyar, mai kallo zai cinka tun da wuri. Sama da bakwai, zai rikice ya daina bin sunaye, kuma kowane mutum yana cin aƙalla fitowa uku: ta gabatarwa, ta tambayoyi, da ta tonon asirinsa. Kowanensu yana buƙatar abu uku: dalilin da zai sa ya so mutuwar mamaci, damar kaiwa gare shi a daren, da wani sirri na daban da yake ɓoyewa. Wannan na ukun shi ne man da ke tafiyar da tsakiyar fim. Kowa zai yi wa mai bincike ƙarya, amma mutum ɗaya ne kawai ke yin ta saboda kisa. Ɗan mamaci yana ɓoye bashin caca, direba yana ɓoye buhunan gyaɗar da yake karkatarwa zuwa Jibiya, amarya tana ɓoye wasiƙa. Mai bincike yana warware waɗannan ƙananan ƙarairayi ɗaya bayan ɗaya har saura babbar.

Dole kuma a rufe da'ira, wato a nuna wa mai kallo cewa baƙo daga waje bai shigo ba. Turawa suna yin haka da dusar ƙanƙara ko jirgin ƙasa ko tsibiri. Kai kana da abin da ya fi su: gidan attajiri mai zaure ɗaya, da mai gadi a ƙofa, da katanga mai tsawo. Kana da Gulbin Maradi idan ya kawo ruwa a watan Agusta ya yanke hanya, kuma masu kallonka sun ji labarin ambaliyar 1945 da ta ci tsohon gari har aka koma kan tudu. Ayarin manyan motoci da ya kwana a daji tsakanin Maradi da Dan Isa ma da'ira ce. Kowace ka zaɓa, ka kashe minti ɗaya ka nuna ta a fili: mai bincike ya zagaya katanga, ya duba rairayi, babu sawu.

Rabon lokaci yana da tsarin da aka saba, kuma shafi ɗaya na rubutu kusan minti ɗaya ne a allo. Minti goma zuwa goma sha biyar na farko mamaci yana raye, ana ganin yadda yake taka kowa. Wannan yana da amfani biyu: yana raba dalilin kisa ga mutane da yawa, yana kuma hana mai kallo yin baƙin cikin da zai hana shi lissafi. Gawa ta bayyana kafin minti na goma sha biyar. Idan ta wuce ashirin, an canza tasha. Daga nan zuwa wajen minti na talatin da biyar zagayen farko ne na tambayoyi. Kusa da tsakiya hukuma takan kama wanda bai yi ba, yawanci mafi rauni a gidan, yaron gida ko baƙon da ya sauka, abin da ke sa mai bincike gaggawa. Wajen minti na hamsin da biyar zuwa sittin sai gawa ta biyu, galibi ta wanda ya ga wani abu ya nemi a saye bakinsa, ko ta wanda mai kallo ya fi zargi. Bayan haka wata magana ta banza daga bakin wani sai ta buɗe wa mai bincike ido, ya yi shiru, ya ce a tara masa kowa. Minti goma sha biyu zuwa sha biyar na ƙarshe na bayani ne.

Inda aikin yake da wuya shi ne dasa alama. Alamu na gaskiya uku sun isa, kuma kowace sai an nuna ta a allo, an fi so sau biyu. Akwai hanyoyin ɓoye abu a bainar jama'a. Ka sa shi cikin jerin abubuwa biyar da kyamara ta bi ta kansu, shi ne na uku, domin ido ya fi riƙe na farko da na ƙarshe. Ka nuna shi, nan take wani ya fasa kuka ko a buga ƙofa. Ko ka bar wani ya ba shi fassarar da ba daidai ba, mai kallo ya karɓa ya wuce. Mafi daɗi ita ce alamar abin da ya kamata ya faru bai faru ba.

Ga misali. Attajirin gyaɗa, mai ciwon ƙafa da ke salla a turakarsa, an same shi a mace da asuba. Mai gadi ya rantse ya ga fitila tana ci a ɗakin har tsakar dare, don haka kowa ya ɗauka cikin dare aka kashe shi, kowa kuma ya kawo shaidar inda ya kwana. Magatakardansa ya ce ya yi masa sallama bayan isha'i ya tafi gida, maƙwabta sun gan shi. A fitowar farko ta ɗakin kyamara ta wuce ta kan buta cike da ruwa, wadda yaron gida ke cikawa bayan magariba don alwalar isha'i. Mai kallo na Maradi zai ce ai mutum yana iya riƙe alwala, kuma ya yi gaskiya, shi ya sa alama ɗaya ba ta isa. Ta biyu: ƙwaryar furar da yake sha kullum da ya idar da isha'i tana nan da faifanta a rufe. Ta uku: an yi ruwa da iska ana dab da kiran isha'i, feshi ya shigo ta taga ya jiƙa tabarma, amma ƙarƙashin gawar a bushe yake. Haɗa ukun, mutumin ya mutu kafin isha'i, fitilar kuma wani ne ya bar ta tana ci don ya matsar da lokaci. Duk shaidun dare sun zama banza, kuma mutum ɗaya ne ya ce ya yi magana da shi bayan isha'i. Ka lura babu agogo ko ɗaya a wannan lissafi. Turawa suna son agogon da ya fashe ya tsaya a kan lokacin kisa, wanda kusan kullum mai laifi ne ya juya shi. A Maradin 1955 agogon hannu na tsiraru ne, lokutan salla da ranar girki da hasken wata su ne ma'auni. Shaidar da ya ce ya gane fuskar mutum daga nesa a daren ashirin da tara ga wata ya riga ya kama kansa.

Akwai al'adu uku na waɗannan finafinai da ba za su shigo Maradi yadda suke ba, kuma a nan ne yawancin masu kwaikwayo ke faɗuwa.

Na farko gawa. A fim ɗin Turai tana kwana a ɗakin likita ana ta dubawa. A nan wanda aka tsinta da asuba an yi masa sutura kafin azahar, kuma dangi ba za su yarda a tsaya jiran wani ba. Kada ka yi kamar ba ka san haka ba. Ka mayar da shi matsi: mai bincike yana da awa uku ko huɗu, daga nan sai abin da mai wankan gawa ya gani, wanda shi ma al'ada ta hana shi yaɗa sirrin mamaci. Fitowar da mai bincike ke lallashin wannan dattijo ta fi ta ɗakin likita ƙarfi. Ka kuma kiyayi kwafe lissafin likitocinsu. Jikin mutum yana kan digiri 37, a ƙasa mai sanyi gawa tana sauka da kusan digiri ɗaya a awa, da haka suke ƙiyasta lokacin mutuwa. A watan Afrilu a Maradi, da zafi ke haura 40, gawa ba ta yin sanyin da za a auna. Sandarewar jiki tana farawa bayan awa biyu zuwa shida, ta cika wajen awa goma sha biyu, zafi kuma yana gaggauta ta. Likitan fim ɗinka ya ba da tazara mai faɗi, kada ya ce ƙarfe tara da kwata.

Na biyu gado. Da yawa daga labaran Ingila a kan wasiyya suke: tsoho zai canza ta gobe, sai aka kashe shi yau. A shari'ar Musulunci wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yin ta ga magaji, don haka uba ba ya iya cire ɗansa da alƙalami. Idan ka kwafo wannan dalili, malamai da ƴan kasuwa da ke kallo za su yi dariya. Dalilan da ke aiki a nan daban ne. Matan mamaci, ko ɗaya ko huɗu, tumuni ɗaya suke rabawa idan akwai ƴaƴa. Matar da aka saka ta gama idda ba ta da komai, don haka ranar da iddar za ta cika lokaci ne mai nauyi. Kyautar da mutum ya yi da ransa aka karɓa ta fita daga gado. Amanar kuɗi da aka ba yaron kasuwanci babu takarda tana mutuwa tare da mai ita idan babu shaida. Kuma wanda ya kashe ba ya gadon wanda ya kashe, abin da ke ba sauran magada dalilin ɗora wa juna laifi. Wannan kaɗai ya isa ya riƙe fim.

Na uku sammu. Mutanen gidan za su ce asiri aka yi masa, kuma ya dace su faɗa, domin haka mutane ke magana. Kana iya sa a tsinci laya a bakin ƙofa. Sharaɗin kawai shi ne a ƙarshe hannun mutum ne ya yi kisan ta hanyar da za a iya nunawa, layar kuma wani ne ya ajiye don ya karkatar da zargi ga kishiya. Idan guba za ka yi amfani da ita, ka ɗauki wadda aka sani, alamunta kuma su dace. Zaƙami, alal misali, yana busar da baki, ya buɗe ƙwayar ido, ya sa sambatu. Ba ya kayar da mutum nan take kamar yadda ake nunawa.

Shi kansa mai binciken, al'ada ta ba shi abu biyu: wata ɗabi'a da ake gane shi da ita, da abokin tafiya wanda bai kai shi kaifin tunani ba. Amfanin abokin shi ne ya yi tambayar da mai kallo ke son yi, ya kuma faɗi fassarar kuskure da babbar murya. A Maradi yana da aiki na uku. Namiji baƙo ba ya shiga cikin gidan kulle ya zauna da matan aure, balle masu takaba, don haka kana buƙatar mace a gefensa, ungozoma ko dillaliya ko gwaggonsa, wadda za ta shiga inda ba ya shiga. Sai ka kiyaye: abin da ta ji a ciki dole mai kallo ya ji shi da kunnensa. Matsayin mai binciken ma ka yi tunani a kansa. A shekarun 1950 iko kashi biyu ne, na kumandan, wato Baturen Faransa mai mulkin yankin, da jandarmominsa, da na fadar Sarkin Katsinan Maradi da dogaranta, kuma tun 1946 shari'ar laifuka irin kisa ta koma ƙarƙashin dokar Faransa. Mutumin da ke tsakanin biyun, tafinta ko ma'aikacin asibiti ko malamin makarantar boko, ya fi dacewa, domin kowane ɓangare yana buƙatarsa kuma babu wanda ya amince da shi gaba ɗaya.

Taron ƙarshe ka yi shi a zaure ko a gaban sarki, mata suna ji daga bayan labule. Tsarinsa shi ne mai bincike ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya, ya tona ƙaramin sirrin kowa ya wanke shi, ya bar mai laifi a ƙarshe, sau da yawa bayan ya yi kamar wani yake nufi. Ana yanka bayanin da gajerun hotunan waiwaye, daƙiƙa biyar zuwa goma kowane, kuma su zama ainihin hotunan da aka nuna a baya: butar nan, faifan nan, tabarmar nan. Idan ka ɗauki sabon hoto ka saka abin da babu shi a farko, wanda ya koma baya ya duba zai kama ka. Hoton waiwaye na shaidar da ke ƙarya kuwa, ka bar muryarsa a kai don a san maganarsa ce ake gani. Hujjar irin wannan labari takan yi rauni a gaban alƙali, shi ya sa ake ƙarasawa da tarko: mai laifi ya faɗi abin da wanda ya shiga ɗakin ne kaɗai zai sani. Amsa laifi haka kawai don an zare masa ido ba ya gamsar da kowa.

Kuskure biyu na wajen ɗauka suna rusa rubutu mai kyau. Ɗaya zaɓen ƴan wasa: idan fitaccen jarumi ɗaya ne a cikin waɗanda ake zargi, kuma aka ba shi ƙaramin matsayi, kowa ya san shi ne. Ko ka sa fitattu biyu ko uku, ko ka ba fitaccen matsayin mamaci. Ɗayan kayan zamani da ke kutsowa cikin hoto. Butar roba, leda, takalmin soso, babur, wayar lantarki a sama, farantin tauraron ɗan'adam a kan rufi, duk sai an kawar. Kunne ma yana kama nasa: ƙarar janareta, da kiran salla ta lasifika. Kuɗi su zama na lokacin. Sefa ta fara a 1945, a ƙetaren iyaka kuma fam da sule ake kashewa har 1973 da naira ta zo. Tutar Nijar ta 1959 ce, kafin nan ta Faransa ce a ofishin kumandan. Land Rover tana nan tun 1948, amma Peugeot 404 sai 1960. Idan wani zai saurari Sashen Hausa na BBC, labarinka ya kasance daga 1957 zuwa sama. Da yake kuɗin gina tsohon gari ba ya hannunka, ka rubuta kashi biyu cikin uku na fim ɗin a cikin gida ɗaya na ƙasa, ka nemi irinsa a Tibiri ko ƙauyukan kewaye, fitowar waje kuma ka ɗauke ta da sassafe da kyamara a matse.

Kafin ka kira ƴan wasa, ka ba mutum biyar rubutun ba tare da shafuka goma sha biyar na ƙarshe ba, kowa ya rubuta wanda yake zargi da dalilinsa. Idan huɗu suka gano, ka rage hasken alama ɗaya ko ka ƙara wa wani nauyin zargi. Idan babu wanda ya gano, kuma da ka faɗa musu suka ce ba su ga ta inda za a gane ba, ka ƙara nuna alamun. Abin da kake nema shi ne ɗaya ya gano, sauran huɗun kuma su koma shafin da butar take su ga tana nan tun farko.